Ɗigon Jinin Malama

Litinin, da azahar

Yau matata Malama ta shigo ɗakin gwajinmu, karo na farko tun da na fara aiki a nan. Makullin mota ta zo karɓa, ta tarar Likita, abokiyar aikina, tana ɗibar jinin masu sa kai, sai ta tsaya kallo. Na ɗauko mata na'urar da ta hana ni komawa gida da wuri duk shekarun nan. Ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Wannan 'yar abar ce? Injiniya, ni na ɗauka za ta kai firji."

Na yi mata bayanin da nake yi wa baƙi. Ana ɗiga jini a kan ɗan faranti, girmansa bai wuce layin waya ba, an shimfiɗa masa zaren zinariya da ya fi gashi siranta. Ciwon daji yana zubar da wani sinadari a cikin jini, sau da yawa tun kafin mutum ya kwanta. Idan sinadarin ya taɓa zaren sai ya maƙale, wutar da ke bi ta ciki ta canza, allo ya nuna ja. In babu, kore. Mun gama gwada jinin marasa lafiya, yanzu masu lafiya muke nema, don mu tabbatar na'urar ba ta yi wa kowa ƙarya.

"To ku ɗibi nawa mana," in ji ta. Ta naɗe hannun riga tun kafin in buɗe baki. Likita ta cika kwalba guda, Malama ta danne wurin da auduga, ta ɗauki makulli. "Ina da aji. Da yamma ka faɗa min ko na ci jarrabawa."

Bayan ta fita, ni na ɗiga da hannuna.

Ba kore ba ne.

Litinin, da yamma

Na canza faranti na sake. Na ɗauko ɗaya na'urar daga kabad na sake. Likita tana tsaye a bayana, ta harɗe hannu. Na ce mata ni dama farantan nan tun zuwansu ban yarda da su ba. Ta ce, "Da safe kai ka ce sun fi na baya."

A gida na tarar Malama tana gyaran littattafan ɗalibai a falo. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya jarrabawata?" Na ce farantin ya lalace, bai karanta komai ba. 'Yarmu, wadda muke kira Lauya don ba a yin magana ta wuce ba ta yi jayayya ba, ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, tun ina firamare kake gina abin nan, ashe ba ya aiki?" Suka yi dariya. Na taya su.

Talata, da safe

Na'ura tana kuskure. Kowace na'ura tana kuskure. Ni na ƙera ta, na fi kowa sani.

Laraba, da hantsi

Na huda yatsata. Kore. Na huda ta mai gadi, yana ta tsuke fuska kamar yaro. Kore. Na ɗebo kaɗan daga kwalbar jinin Malama.

Na kashe na'urar, na zare batir, na zauna ina kallon tagar. Akwai wani kanti a ƙetaren titi, mai shi yana ta jera robobin ruwa a rana. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba.

Alhamis, bayan taro

Farfesa ya tara mu. Shi ne shugaban aikin, kuma ƙarshen wata zai tsaya a gaban hukumar lafiya ya nemi izinin kai na'urar asibitoci. Ya haska sakamako a bango. Layi bayan layi kore, sai guda ɗaya a tsakiya. Kwalaben lamba suke ɗauka, ba suna ba, don haka bai san na wa ba ne.

Ya buga wurin da biro. "Wannan shi zai kayar da mu. Injiniya, ɗayan biyu ne. Ko dai na'urarka ta yi wa mai lafiya ƙarya, ko kuwa akwai wani bawan Allah yana yawo a gari da abin a jikinsa bai sani ba." Ya cire tabarau ya goge, ya yi 'yar dariya. "Allah ya gafarta min, amma ni na fi son na biyu."

Wasu suka yi dariya. Likita ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Ni kuwa na ce, "Ranka ya daɗe, zan bincika."

Juma'a, da rana

Na kwance ta gaba ɗaya. Na baje kayan cikinta a kan farin ƙyalle, na bi kowace waya da gilashin ƙara girma. Na sake narka dalma a inda ba ta bukata. Na sami wani ɗan tabo a gefen allon ciki, na goge shi da auduga sai ya fita. Ƙura ce.

Shekaru ina roƙon abin nan ya yi aiki. Yau na kama kaina ina neman tsaga a jikinsa kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.

Aikina yana da kyau. Ban taɓa jin haushin hakan ba sai yau.

Asabar, bayan cin abincin rana

Cokali kaɗan ta yi ta ture faranti. Ta ce ta ƙoshi, cikinta ya cika. Lauya ta jawo ragowar ta cinye tana cewa Mama ta fara rage ƙiba a ɓoye. Malama ta ce ina fa, ai siket ɗinta ma ya daina shigarta, gobe za ta kai wa tela ya buɗa mata ƙugu.

Amma agogon hannunta yana zamewa har bayan tafi. Ni na saya mata shi, ni na kai aka rage shi daidai hannunta.

Tun yaushe take dafa kujera kafin ta miƙe? Tun yaushe take sa matashi a bayanta in za ta zauna? Gida ɗaya muke kwana.

Lahadi

Ban fita ba. Na wanke mota. Na sake wanke ta.

Litinin, da hantsi

Likita ta tare ni a matakala, inda babu mai wucewa. Mace ce da ba ta ɗaga murya, ko yau ba ta ɗaga ba.

"Ka faɗa mata?"

Na ce ina jira in tabbatar.

"Ka tabbatar da me? Ka ƙarar da rabin jinin kana tambaya ɗaya, ana ba ka amsa ɗaya."

Na ce mata na'urar ba ta da izini tukuna, ba a tayar wa mutum hankali da abin da ake kan gwaji. Na ce wasu cututtukan mata ma suna ɗaga sinadarin nan, ita da kanta ta koya min. Na yi ta kawo hujja, duk gaskiya ne, ita kuma ta bar ni na gama.

Sai ta ce, "Injiniya, ni na huda mata jijiya. Amana ce a wuyana. Na tura ragowar jinin babban asibiti su auna da tsohuwar hanya. Ranar da amsa ta dawo, ko ka faɗa mata, ko in kira ta."

Na ce na gode. Ban san abin da nake godewa ba.

Talata, da yamma

Na sayo mata lemo da kankana a hanya. Ta dube ni ta dubi ledar ta ce, "Wane laifi ka yi?" Na ce don mutum ya yi wa matarsa tsaraba sai ya yi laifi? Ta ce, "Kai dai, e."

Laraba

Amsa ba ta zo ba.

Alhamis, da asuba

Na farka na ga ba ta gefena. Hasken banɗaki a kunne, ruwa yana zuba a famfo, ya daɗe yana zuba. Da ta fito na rufe ido. Ta zauna a bakin gado tana numfashi a hankali, irin na wanda ya hau bene da kaya. Na ji tana kallona. Ban motsa ba, ita ma ba ta kira ni ba.

Na'ura tana kuskure.

Juma'a, da rana

Amsar ba ta zo ba. An ce injin ɗinsu ne ya tsaya, sai mako mai zuwa. Na ji daɗi. Na rubuta don in gani da idona: na ji daɗi.

Lahadi, da la'asar

Lauya tana yi wa uwarta kitso a tsakar falo, suna gardama a kan wace makaranta za ta nema in ta gama sakandare. Ita tana son mai nisa, Malama tana son ta kusa. Malama ta ce, "Ki bari in gan ki kina shiga kina fita, ko na shekara ɗaya ne." Lauya ta ce, "Mama, sai ka ce wani wuri za ki." Malama ta ce, "Ja a hankali, kina cire min gashi."

Na tashi na fita waje, wai zan duba tayar mota.

Talata, da azahar

Amsar ta zo.

Ban ga takardar ba. Ihun Farfesa na fara ji daga ofishinsa. Ya fito ba tabarau, ya rungume ni a gaban kowa, yana bubbuga bayana. "Ba ƙarya ta yi ba! Injiniya, ba ƙarya ta yi ba! Ta ga abin da ba wanda ya gani!" Ya aika a sayo lemon kwalba. Aka yi tafi. Wani ya ɗora min kwalba mai sanyi a hannu, na riƙe ta har ta jiƙa min hannun riga.

Likita ta ja shi gefe ta yi masa magana a kunne. Na ga fuskarsa ta sauka. Ya zo ya tsaya a gabana yana laluben aljihu, babban mutum, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Maganar da na yi ranar nan..." Na ce ba komai, ranka ya daɗe. Ya ce in tafi gida, in ɗauki duk hutun da nake so.

A bakin ƙofa Likita ta ce, "Yau."

Talata, da yamma

Ban tafi gida ba, makarantar su Malama na nufa. Na tsaya a baranda ina leƙen ajinta ta taga. A zaune take koyarwa. Matar da ɗalibai suke cewa ba ta san amfanin kujera ba. Wata yarinya ce take yi mata rubutu a allo, ita tana faɗa.

Da aka tashi ta gan ni, ba ta yi mamaki ba. Ta shiga mota ta ɗora jaka a cinya. Ban tayar ba. Yara suna ta wucewa suna gaishe ta ta gilashi, tana ɗaga musu hannu.

Na ce, "Farantin nan bai lalace ba."

Ta ce, "Na sani."

Na juyo.

"Baban Lauya, kai fa ba ka iya ƙarya ba. In za ka yi, sai ka soshi kunne. Ranar har ya yi ja."

Sai ta faɗa min. Watanni ke nan tana jin cikinta ba daidai ba. Nauyi, kumburi, ciwon baya. Haka mahaifiyarta ta fara, ita Malama tana 'yar makaranta a lokacin, ita ta yi jinyarta har ƙarshe. Ta je ƙofar asibiti ta juyo, ba sau ɗaya ba. Ranar da ta zo wurin aikinmu, ita ta saka makullin a aljihun rigata da safe, don ta sami dalilin zuwa.

"Na ce in dai zan ji, gara in ji daga bakinka. Kullum ka shigo sai in kalli bakinka. Sai ka miƙo min kankana."

Na ce ina so ne in tabbatar. Na ce na kwance na'urar, na bi kowace waya.

"Kana can kana gyaran na'ura," in ji ta, "ni ina nan zaune da abin."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na kifa kai a sitiyari har hon ya yi ƙara, yara suka waiwayo. Ta ce, "Tashi, kana tara min jama'a. Tayar mu tafi."

Laraba, da hantsi

Babban asibiti. Layi, kati, wani layin. Likita ta yi mana hanya, duk da haka mun wuni. An shafa mata wani ruwa mai sanyi a ciki, mai ɗaukar hoto yana ta zagaya abin hannunsa yana hira da ita a kan makaranta. Can sai ya daina hira. Ya tsaya wuri guda yana danna maɓalli, yana aunawa, yana sake aunawa.

Na san wannan shirun. Na yi shi.

Alhamis

Wani hoton, a cikin babban inji mai rami. Ta ce kamar an sa ta a tanda.

Asabar, da safe

Mun gaya wa Lauya. Malama ce ta yi maganar, ta kira abin da sunansa, ba kwana-kwana. Ni har yanzu ban iya ba. A wurin aiki ina furta kalmar nan ba adadi, a gaban baƙi, da murmushi. A falona ta ƙi fita.

Na ɗauka yarinyar za ta yi gardama, ta kawo tambayoyi, ta ce a sake gwaji. Ko ɗaya. Ta tashi ta tattara kofunan shayi, ta wanke su, ta goge, ta jera. Daga baya na same ta a bayan gida tana tsaye gaban igiyar shanya, babu komai a kan igiyar.

Ta ce, "Na'urarka ce ta gano?" Na ce e. Ta ce, "To ai ta yi aiki." Ta wuce ni ta shiga ciki.

Litinin, da rana

Likitan tiyata dattijo ne mai sanyin magana. Ya zana mana a takarda: ga inda yake, ga abin da za a cire. Ya ce hoto ba ya nuna komai da komai, sai an buɗe ake sanin gaskiya. Ya sa ranar Alhamis.

Akwai tambayar da na shiga da ita. Makonnin nan da na yi shiru, ko sun ƙara wani abu. Ya ce, "Akwai tambaya?" Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa inda ake ajiye mota in an kwantar da mutum.

Talata, da yamma

Yaya ta iso, babbar yayar Malama, da jakunkuna kamar mai ƙaura. Ta karɓe kicin, ta karɓe Lauya, ta kore ni daga ɗaki wai ina tsaye a kan mutane kamar sanda. Na ji su ta ƙofa suna dariya, suna tuna wata tsohuwar maƙwabciyarsu. Daga nan dariyar ta tsaya, aka rage murya.

Farfesa ya kira. Hukuma ta saurare shi, sun yaba, suna son ganin wanda ya ƙera. Ya ce ba yanzu ba, in na samu sarari. Sannan ya tambaya ko Malama za ta yarda a ambaci labarinta, ba da suna ba. Na ce zan tambaye ta. Na tambaye ta. Ta ce, "Su ambata. Amma ka ce musu kar su ba mijin mutum sakamakonsa."

Laraba

An kwantar da ita. Gado na kusa da taga. Ba ci ba sha daga yamma.

Alhamis, da safe

Sun tura ta ɗakin tiyata. Ta ba Yaya 'yan kunnenta, ta ba Lauya waya, ni ta ce in je in karya kumallo, fuskata tana ba ta tsoro.

Alhamis, da azahar

Ƙofar ba ta buɗe ba.

Alhamis, da la'asar

Sun ce awa uku. An wuce nan da nisa. Wata nas ta fito da sauri ta koma da jakar jini biyu, ba ta kalle mu ba. Yaya tana jan carbi. Lauya ta tsare ƙofar da ido, ko ƙiftawa ba ta son yi.

Alhamis, gab da magariba

Likitan tiyata ya fito, ya cire hular kansa, ya kira ni gefe ni kaɗai. Tana raye. Sun cire babban, sun cire abin da ya zana da wanda bai zana ba. Amma akwai ƙanana, kamar an watsa gero, a wurin da wuƙa ba ta isa. Sai magani ta jijiya, wata da watanni. Ya ce an ga waɗanda suka tashi daga wanda ya fi wannan. Ya ce an zo da ita da sauran dama. Bai faɗi yawan damar ba.

Ya ce, "Ba sai an gaya mata yau ba. A bari ta yi ƙarfi."

Yaya ma haka ta ce, da na faɗa mata. Ta riƙe min hannu ta ce, "Don Allah, Baban Lauya, ka ce mata an gama. Ko na kwana biyu ne."

Juma'a, da hantsi

Ta farka sosai yau. Robobi a hanci, a hannu, a gefen ciki. Leɓenta ya bushe, nas ta ce a jiƙa auduga a shafa mata, kar a ba ta ruwa tukuna. Ina shafawa ta buɗe ido. Yaya tana gefen gado ta kafe ni da kallo, tana girgiza kai a hankali. Lauya tana bakin ƙofa.

Muryar Malama ba ta fita, sai da na kai kunne.

"Sun cire duka?"

Na ajiye audugar. Na ce, "A'a. Akwai saura. Ciwon dajin ya bazu kaɗan, za a bi shi da magani."

Yaya ta juya baya ta rufe fuska da mayafi. Malama ta daɗe tana kallona, ba ta ƙifta ba. Sannan ta lumshe ido, ta lalubo yatsuna ta riƙe, riƙon ba ƙarfi.

"To," in ji ta. "Ɗaga min kan gadon nan. Ka kira min yarinyar ta matso, a yi maganar da ita."